Ƙafar Birki

Mijina direba ne. Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da sitiyari, ashirin da biyu daga ciki a motar makarantar yara, doguwar nan mai kujera talatin da shida. Yaran ne suka laƙaba masa Baba Sannu-Sannu, sunan kuwa ya bi shi har coci, don ko Fasto yakan yi suɓutar baki ya kira shi da shi a tsakiyar sanarwa. Ni Baban yara nake ce masa, in ya ɓata min rai in ce Direba. Shi kuma Kwandasta yake ce min, wai tun ranar da ya auro ni nake gefensa ina faɗa masa inda zai tsaya.

Ba a zalunce shi da sunan ba. Mai keke yakan wuce shi a hanya har ya ɗaga masa hannu. In muka shiga mota tare za mu gaishe da dangi, sai na cinye rabin guzurin ba mu fita unguwa ba. Kullum da safe sai ya zagaya motar nan ya daddaki tayoyi, ya hau, ya ɗora hannu biyu a sitiyari ya yi addu'a, sannan ya taka birki sau uku kafin ya tayar. Muddin yaro ɗaya na tsaye motar ba ta motsi, ko da shugabar makaranta na tsaye tana duba agogo. In ya sauke na ƙarshe da yamma sai ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ƙarƙashi, don ya taɓa tarar da wata 'yar ƙarama ta yi barci a can baya. In ka yi masa tsiya a kan tafiyar hawainiyarsa sai ya ce, "'Ya'yan mutane ne a bayana." Iyakar amsarsa ke nan, kuma a duk shekarun nan ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba.

Da motar ɗaukar kaya ya fara, yana saurayi, sai ya yi mako biyu a hanya. A haka na aure shi, na haifi na fari yana can wata uwa duniya da lodin siminti. Da ya dawo ya tarar yaron ya yi kwana tara, ya ɗauke shi ya daɗe yana kallo. Daga nan ya fara neman aikin da zai riƙa kwana a gida, ya yi ta 'yan tuƙe-tuƙe a cikin gari har Allah ya haɗa shi da makarantar. Ba shi da wani abin sha'awa bayan wannan. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Mota, coci, gida, shi ke nan mutumin.

Ciwon bayan ya daɗe yana yi masa sallama. Kujerar motar ta mutu tun tuni, ya cusa mata matashi ya ci gaba. In ya dawo da yamma sai ya kwanta rub da ciki a ƙasa ya ce in taka masa, in hau in tattaka, ya miƙe ya ce ya warke. Har wata Talata ya sunkuya zai duba iskar tayar baya, ya kasa ɗagowa. Maigadin makaranta da malamai biyu suka kawo min shi a kwance a bayan tasi. Ciwon yana tasowa daga ƙugu ya bi cinyar dama ya sauka har tafin ƙafa, ya ce kamar an jona masa wayar lantarki. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana wani abu kamar ɗan faifai tsakanin ƙasusuwan baya, ya zame ya danne jijiya. Ya ce sai an yi aiki.

Shugabar makarantar, mutuniyar kirki, ta zo har gadon asibiti. Ta ce sun samo wanda zai riƙe motar zango ɗaya, wata uku. In an dawo hutu ya kawo takardar likita cewa zai iya tuƙi, kujerarsa na nan. In kuwa babu takarda, dole su tabbatar da wancan. Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma na ga yadda Baban yara ya kafe silin da ido, na san ya fara ƙirga makonni.

Ranar aikin mu uku muka zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata: ni, da Auta 'yarmu, da Yaya, babbar yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri kuma har yau gani take bai sauka ba. Awa huɗu da wani abu. Yaya tana waƙar yabo ƙasa-ƙasa, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Auta tana ta amsa wayar yayanta da ke aiki a nesa. Ni kuwa addu'ar ta ƙi haɗuwa a bakina, sunan Yesu kawai nake ta maimaitawa. Da aka turo shi, fuska a kumbure, leɓe a bushe, na sunkuya na ce, "Baban yara, ya jiki?" Bai ma san inda yake ba, ya ce, "Da sauƙi."

Bayan kwana shida aka sallame mu da dokoki uku: kar ya sunkuya, kar ya ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi, kar ya murɗa jiki. Wanda bai yi jinyar mai ciwon baya ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. To, ka gwada wuni ɗaya ba ka sunkuya ba ka gani. Daga gwiwa zuwa ƙasa jikinsa ya zama nawa. Ni ke wanke ƙafa, ni ke goge tsakanin yatsu, ni ke yanke farce, ni ke sa safa, ni ke zura wando har ya kai inda hannunsa zai kama. In zai tashi daga gado sai na mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu tare, in sauko da ƙafafun, in ɗaura masa faffaɗan bel ɗin nan mai ƙarfe a ciki. Mutum ne mai jiki, ni kuwa ga ni nan dai.

Ba zan ci amanar mutane ba, an taimake mu. Mazan coci suka zo da bulo takwas suka ɗaga gadon don ya yi ƙasa da yawa, suka kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki. Matan suka raba kwanaki, kowace da ranar da za ta kawo abinci, har sai da na roƙe su su rage, don kwanukan mutane sun cika min kicin ban san na wa da na wa ba. Fasto yana zuwa ran Laraba ya karanta masa Littafi, su yi addu'a, su ɓige da gardamar wace mota ce ta fi ƙarko. Auta tana zuwa kowace Asabar da takardar motsa jiki da aka ba mu, ta tsaya a kansa tana ƙirgawa, "Saura uku, Baba, ba na son wayo." Yaya kuwa ta tare a gidan mako uku, ta karɓe min wanki da shara.

Sai dai Yaya tana da doka ta huɗu, wadda likita bai ba mu ba. A gabanta ba a cewa wayyo. In ya yi nishi wajen juyawa sai ta ce, "Kul, kar ka ba Shaiɗan abin faɗa. Wanda ya fito da kai daga ɗakin nan da rai, godiya yake jira." Shi ma dama haka aka gina shi. Masu dubiya su cika falo, kowa ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, mun gode wa Ubangiji. Na taɓa ƙirgawa, wata Lahadi sau ashirin da bakwai ya faɗa, alhali da safen nan sai da ya ciji matashi kafin in zaunar da shi.

Ni kuwa na gaji. Bari in faɗa tunda ba wanda ya tambaye ni. Na gaji da warin man zafi, na gaji da fitar da fo, na gaji da yi wa baƙi murmushi, na gaji da jin "Kwandasta" daga ɗaki daidai lokacin da na samu na zauna. Ɗan shagona na bakin titi ya yi wata biyu a rufe, masu sayena sun koma gaba. Nawa bayan ma ya fara magana, na ba shi haƙuri na ce ya bi layi. Addu'ata duk ta gajarce, a bakin famfo nake yinta, kuma sau da yawa ba roƙo ba ce, mita ce. Nakan ce wa Ubangiji, kai dai ka san shekaruna.

A hankali ya fara takawa. Daga gado zuwa ƙofar falo taku goma sha huɗu ne, ya yi su da ƙarfen turawa, sannan da sanda, sannan da dafa bango. Ciwon nan mai kama da lantarki ya tafi, wannan kam gaskiya ne, kuma na gode. Ya fara cin abinci sosai, ya fara tsokana. Har ya kai yana zuwa bakin get ya tsaya daidai lokacin da motar makarantar ke wucewa ta babban titi, ya dawo yana girgiza kai, wai sabon direban yana canja giya kamar mai faɗa da ita.

A mako na shida ne, ina shanya, na ga silifas ɗinsa ƙwaya ɗaya a tsakar gida. Na ɗaga kai, ga shi can ya kusa get, ƙafar hagu da takalmi, ta dama ba komai, yana tafiya a kan tsakuwa abinsa. Na tsaya ina kallon ƙafar. Ba ya ɗaga kanta, jan ta yake, yatsun suna sharar ƙasa, in ya sauke ta sai ta faɗi kamar ba tasa ba. Na ɗauki silifas ɗin na bi shi na zura masa. Ya ce, "Au," ya yi dariya.

Kwana biyu bayan haka ina yanke masa farce da reza, hannuna ya zarce na yanki naman babban yatsan ƙafar dama. Jini ya fito sosai har ya ɗiga a zanina. Na ɗago a tsorace ina jiran tsaki, na tarar yana karatun Littafinsa, ko gezau. Na matsa wurin da ƙarfi, da gangan. Ya juya shafi.

Na ce, "Direba."

Ya leƙo ta saman tabarau.

"Ka ji abin da na yi maka yanzu?"

Ya kalli jinin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Barci take yi. Za ta farka."

"Tun yaushe?"

"Tun asibiti. Da farko na ɗauka allurar ce."

"Ka faɗa wa likita?"

"Ciwo ya tambaye ni, na ce ciwo ya tafi. Ƙarya na yi?"

"Wannan ce fa ƙafar birki."

Ya rufe Littafin. Ya ce, "Na fi ki sanin ko ta mece ce. Kar ki faɗa wa Auta, kar ki faɗa wa Yaya. Saura mako shida, Ubangiji bai gama aikinsa ba."

Na yi shiru, kuma shirun nan nawa ne, ba wanda ya sa ni dole. Kullum da safe in na wanke ƙafar sai in murza ta da mai, in ja yatsun ɗaya bayan ɗaya, in ce ya ɗaga babban. Ya zuba mata ido, jijiyar wuyansa ta tashi, yatsan ya ɗan yi rawa ya kwanta. Ya ce, "Kin gani? Jiya ko haka bai yi ba." Ni ban ga bambanci ba, amma nakan ce e.

Sai ya aiki Auta ta sayo masa takalmi mai dogon wuya, irin na masu aikin gini, mai igiya har saman idon sawu. Ya ce mata na da ya matse shi. In na ɗaure shi tamau, wuyan takalmin yana tallafe ƙafar, ba ta faɗuwa. Ya koyi ɗaga gwiwa kaɗan fiye da da. Ya yi ta gwaji a tsakar gida har tafiyar ta daidaita, wanda bai sani ba sai ya ce tsufa ne kawai. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta yiwuwa sai da ni, don har lokacin hannunsa ba ya kai wa igiyar.

Da takalmin nan ya koma coci a mako na tara. Da lokacin ba da shaida ya yi, ya miƙe ba sanda ya taka har gaba, mutane suna tafi tun kafin ya buɗe baki. Ya gode wa masu bulo da masu kwanuka, ya gode wa Yaya, ya ce Kwandastarsa ta cancanci ƙarin girma, aka yi dariya. Sannan ya ce Yesu ya warkar da shi tun daga kai har yatsan ƙafa. Yaya ta miƙe tana kuka tana ɗaga hannu. Ni ma na ce amin, iyakarta leɓe. Da aka tashi, wata mai 'ya'ya biyu a makarantar ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, ka dawo mana. Wannan na yanzu gudu yake, kullum sai na ga sun shigo gida hankalina ke kwanciya." Ya ce mata saura kaɗan.

Ranar komawa asibiti muka tarar da layi har waje. Likitan da ya yi aikin yana ɗakin tiyata, wani ne ya gan mu, ga tulin fayil a gabansa, ga shayinsa ya huce bai sha ba. Ya duba ɗinkin ya ce ya yi kyau. Ya ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo, Baban yara ya taka ya dawo tsaf. Likitan ya ce, "Ƙafar fa? Ba nauyi? Ba inda ba ka ji?"

"Da sauƙi, likita. Mun gode Allah."

Likitan ya juyo ya kalle ni. Na kalli kalandar da ke bango. Ya ja takarda ya rubuta, ya buga hatimi.

Na sha tambayar kaina me ya rufe min baki a ɗakin nan. Zan so in ce tausayi ne, kuma akwai shi, don mutumin nan in ka raba shi da sitiyari ban san me zai rage ba. Amma akwai wani abin a ƙarƙashi, mara kyau. So nake ya fita. So nake gari ya waye in ga ya ɗauki hularsa ya tafi aiki, in buɗe shagona, in zauna ba mai kirana. Gajiya ta kai ni inda na yarda a jera yara talatin da shida a bayan ƙafar da ba ta jin reza. A tasi muna komawa na gane haka, kunyar kaina ta kama ni har na kasa kallon takardar da yake ta shafawa a kan gwiwarsa.

Ran Asabar layina ne na sharar coci. Na gama share tsakanin kujeru, na zauna a ta ƙarshe da tsintsiya a hannu, na kasa tashi. Fasto ya fito daga ofis ya gan ni. Ya zauna a kujerar gabana ya juyo.

"Mama, lafiya? Jibi Baba zai koma aiki, na ɗauka rawa zan tarar kina yi."

Na ce, "Fasto, in mutum ya ba da shaida a gaban jama'a, ashe ba ta cika ba, in ya janye sunan Ubangiji zai ɓaci?"

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya ce, "Sunansa yana tsaye tun kafin a haife mu, Mama. Ba ya neman mu tokare shi da abin da ba haka ba." Sannan ya ce, "In zo gidan?"

Na ce a'a. Mijina ba zai so a taru a kansa ba, kuma maganar tsakanina da shi ce. Ya yi min gajeriyar addu'a, ya karɓi tsintsiyar ya ƙarasa sharar bakin ƙofa da kansa.

Ran Lahadi sau uku ina niyyar magana, sau uku ina tarar da shi cikin murna. Ya sa na goge masa farar rigarsa. Ya wanke hularsa da kansa a tsaye. Babban ɗanmu ya kira, ya ce masa gobe war haka yana kan hanya. Yaya ta aiko a faɗa masa tana azumi dominsa. Na bar shi ya ci abincinsa.

Litinin gari na wayewa ya yi wanka, na zura masa wando da safa kamar kullum. Ya sa riga, ya sa takardar a aljihun gaba, ya zauna a bakin gado ya miƙo ƙafa. Takalman suna gabana. Na durƙusa, na ɗauki na hagu na sa masa na ɗaure. Na ɗauki na dama, na riƙe shi, sai na mayar da shi ƙasa.

"Kwandasta, lokaci fa."

"Ba zan ɗaure ba."

Ya ɗauka wasa ne, ya yi 'yar dariya. Da ya ga fuskata dariyar ta tsaya.

"Shekara talatin da uku muna tare, ban taɓa roƙonki abu kin hana ni ba."

"Ka sha roƙo na hana, mantawa ka yi. Wannan dai ba zan yi ba."

Ya sunkuya zai ɗauka da kansa. Hannunsa ya kai tsakiyar ƙwauri, bayan ya riƙe shi, ya ja numfashi ta haƙora ya koma. Ya sake gwadawa. Ina zaune a kan dugadugaina ina kallo, kuma Allah ya sani ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Ya ce, "So kike in zauna a gida ki riƙa ba ni abinci a baki? In ce wa shugaba me? In ce wa ikilisiya me? Na tsaya a gabansu na ce ya warkar da ni."

"Ya warkar da bayan. Ina wurin, na gani. Ƙafar ce bai kai ba tukuna. Ko zai kai, ko ba zai kai ba, ni ban sani ba."

"Rashin bangaskiya ke nan."

"To, ni ce marar bangaskiya. Amma shi kansa Yesu da ƙishirwa ta kama shi a kan gicciye ai faɗa ya yi. Bai ce da sauƙi ba."

Ya kawar da kai. Ya ce, "In na hau motar za ta tuna. Shekara talatin da huɗu, ƙafa ba ta mantawa."

Na ce to mu gani. Na kifa hannayena biyu a ƙasa a gabansa, kusa da juna. Na ce, "Wannan totur, wannan birki." Na sa ya ɗora ƙafar, da safarta, a kan na totur. "Kalli ƙofa, direba ba ya kallon ƙafarsa. Kana saukowa gangaren nan na kusa da kasuwa, motar a cike. In na ce yaro, ka taka."

"Wasan yara za ki mai da ni?"

"Kalli ƙofa."

Ya kalli ƙofar. Hannayensa da kansu suka tashi suka kama sitiyarin da babu shi. Na bari ya ɗan yi tafiya. Na ce, "Yaro."

Gwiwar ta tashi, ƙafar ta biyo ta a makare tana lilo, yatsun suka goga gefen hannuna, ta faɗi a siminti tsakanin hannayen biyu. Ya leƙo ya gani. Ya ce ban ba shi lokaci ba. Na ce yaron ma ba zai ba ka ba. Ya mayar da ƙafar.

Karo na biyu ya kai birkin, amma sai da na ƙirga uku a raina. Shi ma ya ƙirga, na ga leɓensa yana motsi. Ya fi ni sanin tafiyar da doguwar mota ke yi a gangare kafin a ce uku. Ya gyara ƙafar a kan hannun totur, ya mayar da idonsa ƙofa, ya ce, "Sake."

Na ce, "Yaro."

Ya yunƙura da duk ƙarfinsa ya danna, har ƙasusuwan hannuna suka yi ƙara. Ya riƙe a danne, ido a ƙofa, ya saki numfashi. Ya ce, "Kin gani? Na tsaya."

Na ce, "Baban yara, duba."

Ya duba. Gwiwar ta tashi ta koma inda take, ƙafar ba ta bar hannun totur ba.

Ya daɗe a haka. Hannayen suka sauko a hankali suka kwanta a cinya. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Na take shi." Na ce ba kowa, daga ni sai kai a ɗakin. Ya ce, "Na take shi, kuma ina ƙara wuta." Sai kuka ya zo masa, irin na manya, ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ban ga haka ba. Ni ma na yi nawa, ba mai rarrashin wani.

Da ya lafa ya rufe ido. Na ɗauka addu'ar safe zai yi irin wadda ya saba, mai tsari, godiya daki-daki. Sai ya ce, "Ubangiji, ba na jin ƙafata. Tsoro nake ji. Ban san abin da zan zama ba." Ya tsaya nan, ya rasa na gaba. Na ce amin.

Ya zaro takardar daga aljihu ya ajiye a kan gado. Ya ce gobe mu koma asibiti mu jira likitan da ya yi aikin, ko da wuni za mu yi a benci. Na ce in kira shugabar in faɗa mata? Ya ce, "A'a. Ni ke ɗaukar 'ya'yansu, ni zan faɗa." Wayar tana gefensa, ya ɗauka ya kira.

Ina jin muryarta daga inda nake, cike da murna, tana cewa yara sun yi masa zane-zane sun manna a gilashin motar. Ya bari ta gama. Sannan ya faɗa mata, bai rage komai ba. Ya ce ta riƙe wancan direban, amma don Allah a ce masa ya riƙa sauko gangaren kasuwa da giya ta biyu. Maganar ta kai kusan minti goma. Duk tsawon lokacin hannuna yana ƙarƙashin ƙafarsa, ya yi tsami, ban janye ba. Shi kuma bai san yana wurin ba.